In Ji Wa?

Akwai wasu kalmomi biyu na Faransanci waɗanda masu rubuta kundin ƙarshen karatu suke kauce wa kamar yadda ɗan fasa-ƙwauri yake kauce wa shingen duwan na Ɗan Isa. Kalmomin su ne cité par. Idan aka mayar da su Hausa ba su wuce «in ji wane, kamar yadda wane ya kawo» ba. Mazauninsu can ƙasan shafi ne, cikin ƙananan baƙaƙe, inda mai rubutu yake shaida wa mai karatu rijiyar da ya ɗebo magana. Abin da suke nunawa shi ne mai kundin bai riƙe littafin asali da hannunsa ba, ya tsinci maganar ce cikin littafin wani, wanda shi ne ya ce ya gani. Turawan da suka sha Latin suna rubuta apud a madadinsu, manufar dai ɗaya ce.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ake kare kundi, a jami'a ko a makarantar horon ma'aikata, ya san yadda abin yake gudana. Ga kundi mai shafi tamanin, a ƙarshensa an jero littattafai sittin, wasu da Jamusanci, wasu da Larabci, wasu an buga su a Landan tun ba a haifi kakan mai kundin ba, alhali shi Faransanci kaɗai ya sha a lakwal, kuma ɗakin karatun da ya yi aiki cikinsa bai taɓa mallakar rabinsu ba. Littattafai biyar ko shida ya karanta da gaske. Sauran daga gindin shafukan waɗannan biyar ɗin ya kwashe su, da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, ya jera kamar shi ya buɗa su. Malaman da ke yanke wa kundin hukunci sun sani, don da yawa cikinsu ta wannan hanya suka biyo. Sai a ba da maki, a tafa, dangi su sha lemo, a ɗauki hoto.

Adalci ne a fara da uzurin ɗalibin, don yana da shi. Littafin ilimi bai taɓa zama kaya mai araha ba a ƙasar nan, kuma tun da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, aka mayar da tamma ɗari a bakin faran ɗaya na Faransa maimakon hamsin, littafin da ke zuwa daga Paris ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin ma'aikaci. Takardun mulkin mallaka masu yawa da suka shafi Nijar suna Dakar, inda gwamna janar ya zauna, wasu suna Aix-en-Provence. Ɗan Tawa da ke rubuta kundi da kuɗin cefanen gidansa ba zai je ko ɗaya cikinsu ba, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Rashin ganin asali talauci ne, talauci kuwa ba abin kunya ba ne. Inda ɓarnar take shi ne ɓoye wanda ya tsaya tsakani. Ɗalibin yana ganin idan cité par ta yawaita cikin kundinsa za a ce rago ne, sai ya share sunan mutumin da ya ciyar da shi, ya bar sunan wanda bai taɓa gani ba.

Abin mamaki, iyayen wannan ɗalibi ba su yarda da irin haka a sana'arsu. A kasuwar dabbobi ta Badagishiri, ko kowace kasuwa mai kama da ita, ba a sayen sa daga hannun baƙo sai da dillali. La'adar da dillali yake karɓa ba ta tsaya ga ladan daidaita ciniki ba, har da ladan tsayawa: idan gobe wani ya zo ya ce sansa ne aka sace, mai saye ya koma ga dillali, dillali ya fito da wanda ya kawo masa. Sarƙar ba ta tsinkewa, shi ya sa mutum ke iya zuba dukiyarsa ga dabbar da bai san garken da ta fito ba. Dillalin da ya ce sa nasa ne alhali na wani ne, ranar da asiri ya tonu shi zai biya, kuma ya bar kasuwar.

Ma'aikacin gwamnati ma ya san wannan doka ta wata fuska. Ba a buga wa kwafin takardar haihuwa ko ta shaidar karatu hatimin «daidai da asali» sai an ajiye asalin a kan tebur, mai sa hannu ya duba da idonsa. Kowace ayar doka kuma tana farawa da jerin Vu, wato «bayan an duba» doka kaza da doka kaza. Amma wanda ya daɗe a biro ya san sau da yawa ba a duba komai, sakatare ne yake kwafe jerin daga takardar bara, ta bara kuma daga ta bariya. Lambar doka ta taɓa karkacewa sau ɗaya, sai ta yi ta haihuwa shekara da shekaru, ko a ci gaba da dogara da dokar da aka riga aka soke. Ranar da wani ya kai ƙara gaban alƙali, a nan ake gane tsadar «an duba» da ba a duba ba.

Waɗanda suka fi kowa tsananta wannan al'amari su ne malaman hadisi, tun ƙarni da yawa kafin a san wani abu wai shi jami'ar Turai. A wajensu magana ba ta tsayawa sai da isnadi, wato jerin waɗanda suka miƙa ta, wane daga wane har zuwa tushe. Sun bambanta mai cewa haddasana, wanda ya ji da kunnensa daga bakin malaminsa, da mai cewa an kawai, wato «daga wane», kalmar da ke iya ɗaukar ji kai tsaye, tana kuma iya ɓoye wani a tsakani. Mutumin da ya tsallake wanda ya gaya masa, ya jingina maganar ga babban malamin da ke sama don a ɗauka daga bakinsa ya ji, sun ce ya yi tadlisi. Kalmar daga kasuwa suka aro ta: asalinta ɓoye aibin haja ga mai saye. Mai tadlisi ba lalle ya ƙagi ƙarya ba, maganar da ya kawo tana iya zama gaskiya tsantsa. Duk da haka sun rubuta sunayen masu yin sa cikin littattafai na musamman, suka ƙi karɓar an ɗin da yawa daga cikinsu sai sun fito fili sun ce sun ji.

Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a shekarar 795 kuma mazhabarsa ce ake bi a nan, ya nuna ɗaya hanyar. Cikin Muwaɗɗa, inda magana ta zo masa ba da cikakkiyar sarƙa ba, yana cewa balagani, wato «ya iso mini». Bai ji kunyar faɗin haka ba, ga shi kuwa malamin Madina. Saboda ya bar alamar a fili, wani malamin Andalus, Ibn Abdil Barri, wanda ya rasu a 1071, ya bi irin waɗannan wurare guda 61 ɗaya bayan ɗaya, ya samo musu sarƙa ta wasu hanyoyi, in ban da huɗu. Da Malik ya toshe gurbin da sunan da bai ji daga gare shi ba, da babu wanda zai san akwai abin nema. Wannan tarbiyya ta iso ƙasar Hausa da ƙarfinta. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya karɓo ijaza a Masar daga Murtala az-Zabidi, kuma Shehu da ƙanensa Abdullahi kowanne ya bar rubutu a kan malaman da ya ɗauki ilimi daga gare su.

A wannan gida Muhammadu Bello ya tashi, kuma a littafinsa ne ake samun misalin da ya fi taɓa mutanen Maraɗi da Tibiri da Damagaram. A shekarar 1812 ya gama Infaƙul Maisuri, shekara huɗu bayan faɗuwar Alƙalawa, shekara biyar kafin ya zama Sarkin Musulmi. A farkon littafin ya yi bayanin ƙasashen Sudan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ƙasar Hausa, ya kawo labarin cewa sarakunan Katsina da Kano da Zazzau da Daura da Rano da Biram zuriyar wani mutum ne mai suna Bawo, wanda bawan Sarkin Barno ne. Gobirawa kuwa ya keɓe su, ya ce ƴaƴa ne, ana danganta asalinsu da Kibɗawan Masar. Wannan magana ta yi tafiya mai nisa, kuma an sha maimaita ta da siffa ɗaya: Sultan Bello ya ce sarakunan Hausa jikokin bawa ne.

To, Bello bai ce ya gani a wani tsohon kundi na Barno ba, bai kuma ce shi ya binciko ba. Ya ambaci wanda ya ba shi labarin Bawo da sunansa: Muhammadu al-Baƙiri, Sarkin Abzin. Da zarar an mayar da wannan suna wurinsa, maganar ta sake kama. Mai faɗin asalin sarakunan Hausa ashe Ba'abzine ne, sarkin Agadas, abokin hulɗar mutanen Shehu, yana ba da labari ga wanda bai daɗe da sauka daga dokin yaƙi da waɗannan sarakuna ba. Wannan bai mayar da labarin ƙarya ba. Amma ya buɗe tambayoyin da «Bello ya ce» ta rufe. Shin abin da ake faɗi ke nan a fadar Agadas game da maƙwabtan kudu? Shin «bawa» a nan yana nufin wanda aka saya da kuɗi, ko wanda ke kai gaisuwa Birnin Gazargamu, kamar yadda aka san wasu sarakunan Hausa sun yi? A Daura kuwa, Bawo ɗan Bayajida ne da sarauniya, ɗan sarauta gaba da baya, kuma ana fassara sunansa da «ba wo gari», martani ga sunan ɗan'uwansa Karɓagari. Kunnen Bahaushe yana jin kusancin Bawo da bawa, ko da yake kusancin sauti ba hujja ba ne. Mai tarihi na gaskiya yana ajiye riwayoyin biyu gefe da gefe, kowace da sunan mai ita. Wanda ya share al-Baƙiri ya ɗora wa Bello nauyin da Bello da kansa ya sauke, ya kuma ba maganar ƙarfin da mai littafin bai ba ta ba. Ga Katsinawan Maraɗi, waɗanda kakanninsu suka ƙi miƙa wuya suka kafa sabon gari, bambancin nan ba wasan malamai ba ne, don magana ce ta asali, kuma an san abin da kalmar bawa take jawowa wajen neman aure da neman sarauta.

Hanyar da maganar ta bi zuwa kundin ɗalibi ita ma abin dubawa ce. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya sauka Sakkwato a 1824, ya koma gida da wani yanki na littafin. Wani tafinta mai suna Salame ya juya shi zuwa Ingilishi, aka buga a ƙarshen littafin tafiyar a Landan a 1826, a shekarar kuma aka juya littafin zuwa Faransanci a Paris. Sunayen garuruwa sun fito a karkace, abin da ba zai ba wanda ya yi karatun allo mamaki ba, tun da ɗigo ɗaya ne ya raba ba da ya, kuma tafintan bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A 1922 wani jami'in mulkin mallaka, Arnett, ya fitar da tasa fassarar, wadda a wurare da dama taƙaitawa ce. Sai a 1951 Whitting ya buga matanin Larabcin a Landan. Saboda haka idan an ga «Bello, 1812» a gindin shafin kundi, abin tambaya shi ne wane Bello: na Larabci, ko na Salame, ko na Arnett, ko kuwa jimla biyu da wani marubucin Faransa ya tsakuro daga ɗayansu? Tsakanin bakin Sarkin Abzin da alƙalamin ɗalibi ana iya ƙirga hannu biyar da harshe uku, ban da harshen da sarakunan biyu suka yi zance da shi.

Wani sunan da ake yawan jerawa ba tare da an buɗa shi ba shi ne Leo na Afirka, Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa, tasowar Fas, wanda ƴan fashin teku suka kama a 1518 suka kai wa Paparoma. Ya gama littafinsa na bayanin Afirka a Rum a 1526, da Italiyanci. Ramusio ya gyara masa harshe, ya taɓa abin da ya taɓa, ya buga a Venise a 1550. Daga nan aka juya zuwa Latin a 1556, fassarar da ta yi suna wajen kurakurai, daga Latin ɗin kuma John Pory ya juya zuwa Ingilishi a 1600. Rubutun hannu da ya fi kusa da na Leo sai a 1931 aka gano shi a wani ɗakin karatu na Rum, fassarar Épaulard ta 1956 ta amfana da shi. Kusan shekara ɗari huɗu ke nan duniya tana cewa «Leo ya ce», alhali Ramusio take karantawa, ko mai fassara Ramusio, ko mai fassara mai fassararsa.

Littafin da aka buga ya nuna kogin Isa yamma yake gangarawa, daga Tumbutu zuwa Jenne. Masu zanen taswira a Turai suka yi ta kwafe wa juna wannan, da ma al-Idrisi ya riga ya faɗi mai kama da shi, har sai da Mungo Park ya tsaya bakin kogin a Segu cikin watan Yulin 1796 ya ga ruwa gabas yake tafiya. Kowane Sarko mai jirgi ya san haka tun kaka da kakanni, sai dai ba shi ake ambata a gindin shafi ba. Cikin wannan littafi ne kuma aka samo labarin da ya shiga littattafan lakwal, cewa Askiya Muhammadu ya ci Gobir da Katsina da Kano da Zazzau da Zamfara. Tarihin Sudan na as-Sa'adi, wanda aka rubuta a ƙasar Sanwai kanta, ya ambaci yaƙin Katsina da na Agadas, bai kawo cin Kano ba, Tarihin Kano ma bai san da shi ba. A 1978 Humphrey Fisher ya rubuta maƙala yana shakkar wannan mamaya, kuma akwai masana da ke shakkar ko Leo ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa. Idan littattafai goma suka faɗi abu ɗaya, mai karatu yana ɗauka shaidu goma ne. Sai an bi sawu a tarar duk goman mutum ɗaya suka jiyo, shi ma wataƙila a zangon fatake ya ji. Shi kansa Tarihin Sudan, da Heinrich Barth ya same shi a Gwandu a 1853, ya ɗauka na Ahmad Baba ne, haka ya rubuta, haka aka yi ta bin sa kafin bugun Houdas ya tabbatar da sunan mai shi.

Kada a ɗauka duk mai ɗauko magana daga hannu na biyu mai ɓarna ne. Wani lokaci shi ne mai ceto. Al-Bakri ya rubuta bayanin daular Gana a 1068 yana zaune a Andalus, bai taɓa ƙetare Sahara ba. Ya dogara da fatake da kuma littafin Muhammad ɗan Yusuf al-Warraƙ, wanda ya riga shi da kusan ƙarni guda, kuma ya ambace shi da suna. Littafin al-Warraƙ ya ɓace. Abin da ya saura daga cikinsa shi ne abin da al-Bakri ya kwafa, kuma an iya gane shi ne don mai kwafar bai ɓoye ba. Ibn Khaldun ma, da ya zo jera sarakunan Mali, ya faɗi wanda ya ba shi labari: Shehu Usman, faƙihin mutanen Gana, da suka haɗu a Masar a 1394. Waɗannan manya ba su ragu da komai ba don sun ce wani ne ya gaya musu.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk zancen tsofaffin takardu ne, na zamani sun wuce nan. Ba su wuce ba. A 2003 wasu masana biyu a Amurka, Simkin da Roychowdhury, suka yi dabarar da dillali zai yaba. Sun ɗauki wata shahararriyar maƙalar kimiyya ta 1973 da aka ambata kimanin sau 4300, suka ƙirga kurakuran da masu ambaton suka yi wajen lambar shafi ko ta juzu'i ko shekara. Sun sami 196 masu kuskure, amma iri 45 ne kawai, kuma kuskure ɗaya tak an maimaita shi sau 78. Mutum saba'in da takwas ba su yin tuntuɓe iri ɗaya a kan lamba ɗaya sai in juna suke kwafa. Daga lissafinsu suka kimanta cewa wajen ɗaya cikin biyar ne kawai na masu ambato suke karanta abin da suka ambata. Waɗannan kuwa mutane ne masu ɗakunan karatu da ba su rasa komai ba.

Akwai inda abin ya wuce lambar shafi ya kai ga rayuka. A watan Janairun 1980 wata babbar mujallar likitoci ta Boston, New England Journal of Medicine, ta buga wata ƴar wasiƙa mai jimla biyar daga Jane Porter da Hershel Jick. Sun ce cikin majinyata 11,882 da aka ba magungunan kashe zafi masu dangantaka da ofiyom, huɗu kaɗai aka ga sun kamu da jarabar maganin. Majinyatan nan a kwance suke a asibiti, likita na auna musu, na ɗan lokaci. Wasiƙar ba ta ce komai ba game da wanda zai tafi gida da kwalba ya sha wata da watanni. Amma aka yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu, tana ƙara girma a hanya, har wasu suka riƙa kiran ta gagarumin bincike. A 2017 wasu likitocin Kanada suka bi sawunta: an ambace ta sau 608, kashi 72 cikin ɗari sun kafa hujja da ita cewa jaraba ba ta cika faruwa ba, kashi 81 ba su faɗi cewa majinyatan na kwance a asibiti ba ne. Tsakanin 1999 da 2015 mutum fiye da 183,000 suka mutu a Amurka ta dalilin irin waɗannan magunguna da likita ke rubutawa. Wasiƙar ba ita kaɗai ta jawo haka ba, kwaɗayin kamfanonin magani ya fi ta laifi nesa ba kusa ba, amma ta zame musu sanda. Wanda ya ga abin da tramol ya yi wa samarin tasha da ƴan kabu-kabu ba ya bukatar a fassara masa irin wannan jaraba. Karanta jimla biyar ba ya cin minti ɗaya.

Ƙa'idar kanta ba ta da wuya, ana iya koya wa ɗan lise cikin rabin awa. Wanda zai iya kai wa ga asali ya je ya gani, don gani ya kori ji, kuma sau da yawa zai tarar jimlar da aka tsakuro tana da kai da wutsiya da suka sauya mata ma'ana. Wanda bai iya ba, ya rubuta sunan mai maganar da littafinsa, ya bi da cité par, ya kawo sunan wanda ya karanta da shekara da shafi. A jerin littattafan ƙarshe kuma, abin da makarantu da yawa suke nema shi ne a sa wanda aka riƙa da hannu kaɗai. Ribar farko ta mai kundin ce: in an sami kuskure, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kamar yadda mai sayen sa yake komawa ga dillali. Wanda ya ce shi ya gani da idonsa kuwa ya sayi kuskuren wani da sunansa.

Uzurin nesa ma ya ragu. Littafin Clapperton na 1826 da na Barth suna kan intanet kyauta, ana iya buɗa su da wayar hannu a Madawa ko a Mirya, matuƙar akwai layi. A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH yana riƙe da dubban takardu, waɗanda Bubu Hama ya fara tarawa, ba su bukatar biza. Sai dai zamani ya kawo sabon mai tsayawa tsakani wanda ya fi na da haɗari, wato na'urorin da ake yi wa tambaya su rubuto amsa. Suna iya ƙaga sunan littafi da shekara da shafi, tsaf kamar gaske. A 2023 wani alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dalar Amurka 5,000 don sun kawo masa hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro, ba su duba ba. Dillali ne da ba ya iya fito da mai kaya, don wani lokaci babu mai kayan.

Rabin gyaran yana hannun malaman da ke zama kan kundi. Muddin ana auna ƙoƙarin ɗalibi da tsawon jerin littattafansa, zai ci gaba da tsawaita shi da aro. Tambaya ɗaya ta isa a zauren: wannan littafin, a ina ka same shi, mene ne launin bangonsa? Kuma malamin da ya ga cité par sau talatin cikin kundin ɗan Tawa ko ɗan Gure, ya kamata ya gane yaron ya zana masa taswirar abin da ɗakin karatun makarantar ya rasa, wanda aikin hukuma ne ta saya. A game da Bawo, layin da ake nema a gindin shafi bai fi biyu ba: Muhammadu al-Baƙiri, Sarkin Abzin, kamar yadda Muhammadu Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisuri, fassarar Arnett ta 1922, an gani cikin littafin wane, shafi kaza.